Oga ya ce in nuna masa amfanin gwajin manhaja, ko in tashi daga kujerar

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya.

Shekara uku ke nan ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar da 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi da fitar da rasit da ita. Mu goma sha ɗaya ne: injiniyoyi shida masu rubuta manhajar, mutum biyu masu amsa koken kwastomomi, oga, akanta, sai ni kaɗai mai gwaji. Duk sabon abin da aka rubuta sai ya bi ta hannuna kafin a sake shi, kuma yakan ci kwana huɗu zuwa biyar. Har sun raɗa mini suna "Madam A-dakata". Da wasa ake faɗa, amma yana sosa mini rai.

Makon jiya oga ya kira ni ofishinsa. Ya ce abokan gasarmu kowane mako suna fito da sabon abu, mu kuwa sau ɗaya a wata. Ya ce shi bai ga abin da gwaji ke ƙara wa kamfani ba, tunda ga ni nan zaune amma kwastomomi ba su daina ƙorafi ba. Na nuna masa cewa bara kaɗai na kama kurakurai 412. Sai ya ce, "To, sai me?" Wallahi na rasa abin cewa. Ya ba ni mako biyu in kawo hujja, in ba haka ba zai mai da ni sashen amsa koke, injiniyoyi su riƙa gwada aikinsu da kansu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, lokacin da na tafi hutu sun saki sabuntawa ba gwaji, aka riƙa cire wa wasu kwastomomi kuɗi sau biyu. Kwana uku duk injiniyoyin suna kan gyara. Yanzu kamar ba a yi ba. In tuna masa ne, ko in kama neman wani aikin?

Daga wata 'yar'uwa mai gwajin manhaja

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo mafita.

Bari in fara da wadda ba za ta yi miki daɗi ba. "To, sai me?" ɗin da oganki ya jefo miki tambaya ce ta gaskiya, ko da a ce da gatse ya yi ta. Kurakurai 412 sun nuna ba zaman banza kika yi bara ba, amma ba su gaya masa abin da ya tsira ba. A cikinsu akwai rubutun da ya hau kan hoto, akwai maɓallin da launinsa bai dace ba, akwai kuma wanda da ya fita da an yi ta bugo waya ana faɗa har dare. Duka kika zuba a buhu ɗaya kika miƙa masa. Shi kuwa mai kamfani da mudu uku yake awo: abin da ke shigowa, abin da ke fita, da lokacin da ke wucewa. Maganar da ba ta shiga ɗaya daga cikinsu ba ta bayan kunnensa take bi. Kwana biyar ɗin da aiki ke yi a hannunki ma kuɗi ne. Albashin mutum shida yana tafiya, abin da suka gama rubutawa yana ajiye bai fara kawo komai ba, abokin gasa kuma yana can yana ɗauke kwastoma. Idan kika shiga ofishinsa kina ganin shi ne bai san darajar inganci ba, kin faɗi tun kafin ki buɗe baki.

Ni ma na taɓa zama a irin kujerarki. Shekarun baya, a wani kamfani da na yi wa aiki, na riƙe wata sabuntawa kwana tara. Na cika takarda da kurakurai sittin da 'yan kai, ina ta jin kaina. Aka gyara, aka saki. Ƙarshen wata ya zo, wani babban kwastoma ya bugo ya ce rahoton cinikinsa bai zo daidai da kuɗin da ke asusunsa ba. Muka kwana muna tono, can da asuba sai ga shi: manhajar tana rufe lissafin wata da ƙarfe 12 na daren da ranar ƙarshe ke shigowa, ba na daren da take fita ba, don haka cinikin yini guda cur yana ɓacewa daga rahoton. Layi ɗaya ne tak. Ni kuma a kwana taran nan ko sau ɗaya ban juya kwanan watan na'urar gwaji zuwa 30 ko 31 ba, ina can ina auna tazarar da ke tsakanin maɓallai. Kwastoman bai sabunta kwantiraginsa ba. Ba wanda ya ce mini uffan. Amma daga ranar na daina ƙirga kurakurai, na koma tambayar wa zai ji jiki idan wannan wurin ya lalace, kuma nawa zai ci.

Na san da kin shiga intanet neman hujja za ki ci karo da labaran manyan kamfanonin da manhaja ta durƙusar. Biyu daga ciki sun cancanci ki karanta su da kyau, domin abin da ke cikinsu ya ɗan sha bamban da yadda ake yaɗa su.

Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannun jari, ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. Sabon kod ne, wato rubutaccen umarnin da manhaja ke aiki da shi, aka shirya ɗorawa a kan saba takwas, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajar, sai ma'aikacin da ke aikin ya tsallake ɗaya, kuma babu na biyun da ya bi bayansa ya duba. A cikin wadda aka tsallake akwai wani tsohon kod da aka daina amfani da shi shekaru amma ba a goge ba. Sabon umarnin ya tashe shi daga barci, ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Binciken SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jarin Amurka, ya nuna tun kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika saƙonnin imel 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya bi ta kansu. Kamfanin bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, a 2013 aka haɗe shi da wani kamfanin hada-hadar hannun jari mai suna Getco. Ki lura, ɓarakar ba a rubutun sabon kod ɗin take ba, a hanyar da aka bi aka ɗora shi take. Mai gwajin da ke tsaye a kan allo yana danna maɓallai, bai taɓa tambayar yadda ake kai aiki saba ba, da ba zai gan ta ba.

Na biyu na kusa ne. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wata ƙaramar sabuntawa, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, suka ƙi tashi. Filayen jirgin sama, asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Kamfanin jirage na Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000, ya kuma ce asararsa ta kai dala miliyan 500. Abin da ya shafe ki a nan shi ne CrowdStrike yana da gwaji, ba ɗaya ba ba biyu ba. Rahoton da kamfanin ya fitar da kansa ya ce wani sashe na manhajar yana tsammanin bayanai 21, ana kuwa ba shi 20. Gwaje-gwajen baya ba su taɓa neman na 21 ɗin da gaske ba, shi ya sa kullum suke wucewa lafiya lau. Sannan aka tura wa kowa da kowa a lokaci guda. Cikin gyaran da kamfanin ya yi alkawari bayan haka akwai sakin irin wannan sabuntawar kashi-kashi.

Waɗannan don ke na kawo su, ba don ki tsorata oga da su ba. Kina ambatonsu zai ce mu ai ba banki ba ne, kuma gaskiyarsa. Haka ma wani rahoto na 2002 na NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, da ya ƙiyasta cewa kurakuran manhaja na ci wa tattalin arzikin ƙasar kusan dala biliyan 59.5 a shekara. Adadi ne mai girma, amma ba daga aljihun oganki ya fita ba. Akwai kuma wani zane da ke yawo a ko'ina, wai kuskuren da ya kai hannun kwastoma ya ninka wanda aka kama tun farko sau ɗari wajen tsada. Ki bar shi inda kika gan shi. An daɗe ana jayayya a kan tushensa, in oga ya tambaye ki daga ina, za ki sake tsayawa shiru karo na biyu.

Hujjarki tana cikin kamfanin, tana hannun akanta da mutum biyun nan masu amsa koke.

Kin tambaya ko ki tuna masa da abin da ya faru kina hutu. Ki tuna masa, amma a matsayin lissafi, kada ya fito kamar gori. Ki zauna da akanta ku fitar da adadin kwastomomin da aka cire wa kuɗi sau biyu, da abin da aka mayar musu, da cajin da kamfanin biyan kuɗi ya ci a kan mayarwar in akwai. Ki tambayi masu amsa koke kira nawa suka amsa a makon, a kwatanta da makon da aka saba. Ki duba cikin waɗanda abin ya shafa nawa ne suka daina amfani da manhajar a wata biyun da suka biyo, domin nan asarar gaske take, kuma nan ne ba a cika dubawa ba. Wanda ya yi ƙorafi ma da sauƙi, wanda ya tafi shiru shi ne matsala. Sai lokacin injiniyoyi: mutum shida sau kwana uku, kwana goma sha takwas ke nan na aikin mutum ɗaya, ban da abin da ya kamata su rubuta a kwanakin da ya koma baya. A ajiye wannan kusa da kwana biyar ɗinki. Ba sai kin ƙara ko kalma ba.

Sai dai ki yi wa kanki tambaya ɗaya kafin ki kai masa: da kina nan, da kin kama shi? Idan danna maɓallin biya sau biyu a kan intanet mai jan ƙafa yana cikin jerin abubuwan da kike gwadawa tun kafin lokacin, ki buɗe jerin ki nuna masa. Idan ba ya ciki, ki faɗa da bakinki. Haka za ki yi da koken wata shidan da suka wuce. Ki ware waɗanda kika gani kika faɗa aka ce a saki a haka, ki ware na wuraren da ba a taɓa ba ki ki gwada ba, ki ware kuma waɗanda suka wuce ta gabanki ba ki gani ba. Kada ki ɓoye kaso na ukun. Shi ne zai sa ya yarda da sauran biyun. Game da cewarsa kwastomomi ba su daina ƙorafi ba, ai ba za su daina ba, ko da masu gwaji goma ya ɗauka. Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holand, ya faɗa tun wajen 1970 cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba zai taɓa nuna babu ba. Abin dubawa shi ne irin ƙorafin: na launin maɓalli ne, ko na kuɗin da ya ɓace?

Cikin 412 ɗin nan kuwa, ki zaɓi biyar kawai, waɗanda suka taɓa kuɗi ko bayanan kwastoma, ki sake rubuta su da harshen da mai kamfani ke ji. Na san yadda muke rubutawa: "Maɓallin biya ba ya kullewa bayan dannawa ta farko. Matsayi: babba." Wannan injiniya kaɗai yake yi wa magana. Ga abu ɗaya a wani zubin: "Idan intanet ya yi jinkiri kwastoma ya sake danna 'Biya', ana cire masa kuɗi sau biyu. Na gwada sau goma a kan layi mai rauni, ya faru sau bakwai. Injiniya ya ce gyaransa rabin yini ne. In an saki a haka, duk mai biya ta waya a inda sigina ba ƙarfi yana iya faɗawa ciki." Oga ba zai karanta wannan ya ce sai me ba.

Yanzu sunan da suka raɗa miki. Ina zargin kin ɗauki wani nauyi da ba naki ba, wato yanke hukuncin a saki ko kada a saki. Da yawa daga cikinmu mun yi haka, don yana da daɗi a ce sai da sa hannunka. Amma wannan hukunci na mai kamfani ne, domin shi ya san wane kwastoma aka yi wa alkawarin ranar Litinin, shi ya san abin da ya rage a asusu. Wani lokaci sakin abu da kuskuren da aka sani shi ne daidai. Naki shi ne ya yanke hukuncin ido buɗe. Ki daina cewa "a dakata". Ki riƙa rubuta layi uku: ga abin da na gwada, ga abin da ban samu na gwada ba, ga abin da zai iya faruwa in an saki yau. Sai ki bar masa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu ɗaya ne ba za ki yi ba ko wa ya matsa: rubuta "an gwada" a kan abin da ba ki gwada ba, musamman inda kuɗin mutane ke bi.

Kada kuma ki je da kare kai kaɗai, ki je da tayi. Kwana biyar ya yi yawa, ke ma kin sani. Dalilinsa kuwa yana cikin wasiƙarki: ana tara aikin wata guda a jibge miki a ƙarshe. Aikin mako ɗaya ya fi sauƙin gwadawa, in ya lalace kuma an san inda za a duba. Ashe ke da oga abu ɗaya kuke so, ba ku dai zauna kun gane ba.

Maganarsa ta injiniyoyi su gwada aikinsu, rabinta daidai ce, ki karɓe ta hannu bibbiyu. Kowane injiniya ya rubuta ƙananan gwaje-gwajen da na'ura za ta riƙa maimaitawa da kanta duk lokacin da aka taɓa kod. Hanyoyin da kuɗi ke bi, wato rajista, shiga, biya, rasit, mayar da kuɗi da rufe lissafi, su ma a ɗora su a kan na'ura. Akwai kayan aikin wannan kyauta, irin su Playwright, Selenium da Cypress, da Appium na manhajar waya. In ba ki iya ko ɗaya ba, ki ɗauki ɗaya ki fara yau, ko ba don wannan kamfanin ba. Rabin da bai yi daidai ba shi ne tunanin cewa in an cire ki gwaji ya ɓace daga lissafi. Ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa: ko ya koma kan injiniyan da sa'arsa ke da tsada, ko ya koma kan kwastoma. Kuma wanda ya gina abu hanyar da ya tsara a kansa yake bi idan ya zo gwadawa. Ba ganganci ba ne, haka ɗan Adam yake. Ba zai tuna da mai shagon da ke danna maɓalli sau uku don ya ƙosa, layi na jiransa ba.

Ki nemi a riƙa sa ki a zaman farko, lokacin da ake tsara sabon abu kafin a rubuta ko layi ɗaya. Tambaya irin "idan intanet ya yanke a tsakiyar biya fa?" a wannan zaman minti biyu take ci. Ki kuma kawo shawarar saki kashi-kashi. Google Play yana ba da damar a tura sabuntawa ga wani kaso na masu amfani a fara gani, App Store ma yana da tsarin sakin da ke ɗaukar kwana bakwai. Sai ku tabbatar akwai hanyar komawa tsohon zubi in abu ya ɓaci, kuma a gwada hanyar ita kanta wata rana da rana tsaka, ba sai wuta ta kama ba.

Ki roƙe shi wata uku a kan wannan tsarin, ku yarda tun yanzu da abin da za a auna: kwana nawa aiki ke yi daga gamawa zuwa saki, koke nawa suka shigo masu taɓa kuɗi, sau nawa aka ajiye komai aka yi gyaran gaggawa. Duka ukun shi ma zai iya dubawa ba sai ta bakinki ba.

Batun neman wani aiki, ki gyara takardunki ki ajiye, wannan ba cin amana ba ne. Mai yiwuwa ya riga ya yanke shawara, mako biyun nan fita hakki ne kawai. In haka ta kasance, sashen amsa koke ba wulaƙanci ba ne, wata biyu a can za su koya miki yadda mutane ke amfani da manhajar fiye da shekara a ɗakin gwaji, kina yi kina neman wani wurin a tsanake. Lissafin nan da za ki haɗa kuma ba zai tashi a banza ba, shi za ki ɗauka zuwa ganawar neman aiki ta gaba, ki cire sunayen kwastomomi da sirrin kamfani kawai.

Ranar ganawar ki shiga da shafi ɗaya, ba fayil ba. Kafin ki miƙa masa, ki ce, "Oga, wane wuri ne a manhajar nan in ya lalace cikin dare ba za ka iya barci ba?" Ki yi shiru ya amsa, ki rubuta amsar a gabansa a saman shafin, sannan ki nuna masa ko wurin yana cikin abin da ake gwadawa yanzu, da wanda zai gwada shi in kin tashi.